Jagora ga mai haɗe-haɗen lantarki a gida: yadda za ka riƙe ƙarfin jikinka a zafin Garwa

Duk wanda ke da ɗan lungu a gida inda ya tara matattun wayoyi, tsofaffin caja, mita, filaya da ƙarfen liƙi, ya san yadda lokaci ke sulalewa a wurin. Ka zauna bayan La'asar da niyyar sauya wa fanka kafasita, kafin ka ɗaga kai ladan ya kira Isha'i. Aikin da daɗi, yana kuma hana kuɗi fita daga gida, amma duk a zaune ake yin sa, wuya a lanƙwashe, kafaɗa a ɗage, ido a kafe kan abu ɗan mitsitsi. In aka ɗauki 'yan shekaru a haka sai tumbi ya fara turo riga, ƙugu ya riƙe, hawa tsani don goge farantin sola ma ya zama abin haki.

Shawarar da aka saba ba irinmu ita ce mu sayi takalmin gudu ko mu yi rajista a gidan motsa jiki. Da wuya ta wuce mako biyu. Mutumin da ya wuni wajen nema, ya dawo ya tarar da rediyon maƙwabci da inbatar gida suna jiransa, ba zai ware wata sa'a ta musamman ba, balle a Garwa, a arewacin Kamaru, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Abin da ke ɗorewa shi ne a cusa motsin cikin aikin kansa, da cikin lokutan da suka riga suka yanka mana wuni: salloli biyar, jiran caji, da sa'o'in da aka ɗauke wuta. Ga yadda ake bi.

Da farko, ka yi awo

Ba ka cire wani abu a fanel, wato allon da ke cikin na'ura, sai ka ɗora masa mita, to jikinka ma kada ka yi masa cinta. Nemi ƙaramin littafi ka rubuta abu huɗu.

Na ɗaya zagayen ciki. Ari tef ɗin tela, ka zagaya shi daidai tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ka saki numfashi, kuma ban da tsuke ciki, ba kallonka ake ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: zagayen kada ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, nasa ya tsaya ƙasa da 85. Wannan awon ya fi sikeli faɗin gaskiya, domin kitsen da ke taruwa a ciki shi ne abokin tafiyar ciwon suga da hawan jini.

Na biyu bugun zuciya. Da safe kafin ka sauko daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Na babban mutum a hutawa yakan faɗa tsakanin 60 da 100 a minti, kuma yana sauka sannu a hankali in jiki ya saba da motsi.

Na uku hawan jini, wanda za a auna maka a cibiyar lafiya ko kantin magani. In ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, kuma aka sake awo wata rana aka same shi a nan, ka ga likita kafin ka fara ɗaga wani nauyi. Agogunan hannu masu arha da ke cewa suna auna jini kuwa, in ka buɗe ɗaya za ka ga koriyar fitila ce kawai da 'yar na'urar gane haske. Babu abin da ke matse damtse a ciki, don haka kada ka dogara da lambar da suke nunawa.

Na huɗu taku. Wayarka tana da abin da ke jin girgiza, da shi take ƙirga taku. Sa ta a aljihun wando na mako guda ba tare da ka sauya komai a zirga-zirgarka ba, ka ga abin da take ba ka a kullum. Ka dai sani tana ƙarya ta fuska biyu: in ka hau acaɓa a hanya mai gargada takan rubuta maka takun da ba ka yi ba, in kuma tana kan tebur a caji ba ta rubuta ko ɗaya.

Na biyu, ka gyara wurin zama

Da yawanmu a kan tabarma muke aiki, ko a ɗan guntun benci da katako bisa cinya. Nan ciwon wuya da na ƙugu suke farawa. Nemi kujerar da tafin ƙafarka zai kwanta a ƙasa in ka zauna, da teburin da zai zo maka daidai gwiwar hannu. Aikin liƙi mai ƙanƙanta kuma ka ɗaga shi sama da haka, ko da da guntun katako ne ko tsohon akwati, ta yadda aikin zai taso wajen ido maimakon kai ya sauka wajensa. Rashin haske ma yana jawo sunkuyo. Haɗa fitilar LED mai bolt 12 kai tsaye da batir, ka rataye ta ta haska aikin daga gefe, ka huta da riƙe tocila a baki in an ɗauke wuta. Wanda ya haura shekara 40 ya ga rubutun kan ƙananan kayan ya fara dushewa, ba fitila ce ta rage ba, ganin kusa ne ke raguwa da shekaru. Tabarau na karatu ya fi miƙa wuya arha.

Sai abin da ya saɓa wa ɗabi'armu. Kowane mai gyara yana son komai ya kasance inda hannu zai kai. Ka juya tsarin. Abin da kake taɓawa kowane minti, ƙarfen liƙi, dalma, hantsaki da mita, su zauna kusa. Akwatin kayan sauyi ka kai shi ɗaya ɗakin, a kan kanta mai tsawo. Ruwan sha ya zauna a randa a tsakar gida, ka riƙa zuwa da moɗa. Wurin cajin wayoyi ya koma bakin ƙofa. Sannan ka kafa katako a bango daidai gwiwar hannunka kana tsaye, a nan za ka riƙa gwaji, da duba zanen fanel a kwamfuta, da sauke manhaja.

Daga nan ka ɗaure wa kanka doka ɗaya: duk wani jira a tsaye ake yin sa. Jiran ƙarfe ya yi zafi, jiran gam ya kama, jiran waya ta gama karɓar sabuwar manhaja, jiran fayil ya sauka a intanet mai jan ƙafa. In ka tara waɗannan za ka sha mamakin yawan mintocin da kake zaune kana kallon layi yana cika.

Ban da wannan, kada rabin sa'a ta wuce ba ka miƙe ba, ko da na minti biyu ne. Ido ma yana da nasa: duk minti 20 ka dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, kan darbejiyar waje ta isa. Ƙararrawar waya za ta iya tuna maka, sai dai kashe ta ba wuya. Wadda ta fi aiki ita ce wadda ka haɗa da kanka, da ɗan guntun lantarkin nan mai ƙirga lokaci da ake kira 555 da 'yar buza, ka kai makunnin kashe ta can bakin ƙofa yadda ba za ta yi shiru ba sai ka taka. Amma fa aikin yamma ɗaya ne. Kada ka zauna mako uku kana ƙawata na'urar da za ta hana ka zama.

Na uku, dalma, hayaƙi da batir

Wannan matakin ba motsa jiki ba ne, amma ba amfanin ka yi tafiyar safe ka dawo ka wuni kana shaƙa da haɗiyar abin da ke rushe ta.

Wayar liƙin da aka fi samu a kasuwa, mai rubutun 60/40, kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma, tana narkewa wajen digiri 190. Farin hayaƙin da ke tashi in ka ɗora ƙarfe ba dalmar ba ce, ƙaron da ke cikin wayar ne yake ƙonewa, kuma yawan shaƙarsa na iya jawo asma da tari mai naci. Maganin yana cikin tarkacenka: ciro fanka mai bolt 12 daga matacciyar kwamfuta, ka girke ta bayan aikin tana zuƙe hayaƙin tana tura shi wajen taga. Kada ka juyo ta tana hura aikin, za ta sanyaya maka liƙi ta kuma watsa hayaƙin cikin ɗaki.

Ita dalma ta hannu take bi ta shiga baki. Ka murza waya da yatsu, ka ɓare goro, ka tsinci gyaɗa, ka yagi ƙosai, shi ke nan ta shiga. Mafi muni shi ne riƙe wayar liƙi da haƙori don hannaye biyu sun cika, abin da kusan kowane mai gyara ya taɓa gani. Lanƙwasa guntun ƙarfe ka yi mata mariƙi. Ban da ci ko sha a kan teburin, kuma in ka tashi ka wanke hannu da sabulu, alwala kaɗai ba ta fitar da ita. Dalma tana taruwa a jiki, tana ɗaga hawan jini, tana taɓa ƙoda, amma yara ta fi yi wa ɓarna, don ƙwaƙwalwarsu take lalatawa. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Teburinka bai kai nan ba, amma hanyar shigar ɗaya ce, ƙasa zuwa hannu, hannu zuwa baki. Ka riƙa goge tebur da daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, ka hana mai rarrafe shiga wurin, kuma kada ka taɓa fasa tsohon batir ko narka abin cikinsa a gida.

Batirin sola mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, iskar da ƙyastu ɗaya ke tayarwa. Wurinsa inda iska ke ratsawa, ba ƙarƙashin gado ba. Kafin ka taɓa kawunansa cire zoben azurfa da agogon ƙarfe, domin in zobe ya haɗa wuta zai yi ja a yatsanka kafin ka zare shi. Ruwan cikinsa asid ne. In ya fantsama a ido, ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan asibiti. Batirin waya da ya kumbura kada ka huda shi ko ka danne shi, sa shi a gwangwani mai yashi ka fitar waje. Janareta kuma a fili, nesa da taga, saboda iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari. Inbata ko talabijin da ka cire daga wuta, manyan kafasitocinsa suna riƙe da caji, auna su ka sauke kafin ka sa hannu.

Na huɗu, tafiya, da sanin lokacinta

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Mafi ƙanƙantarsa ke nan rabin sa'a sau biyar. Matsakaici shi ne tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ga mai son lamba, wajen taku 100 ne a minti, wato rabin sa'a ta ba ka kamar 3,000. Taku 10,000 da wayoyi ke kafa wa mutum ba wahayi ba ne, daga tallan wata na'urar ƙirga taku ya fito a Japan cikin shekarun 1960. Wanda yake yin 3,000 ya koma 6,000 ya riga ya ci babbar riba.

A Garwa lokaci ɗaya ne ba ya da gardama: daga sallame Asuba zuwa kafin rana ta ɗaga. Dabarar ita ce kada ka koma gida. Fita masallaci da kambas ɗinka da gorar ruwa, ana shafa addu'a ka miƙe hanya, domin in ka ce bari ka leƙa ɗaki ka sauya riga, katifa ce za ta yi nasara. Mako biyun farko minti 15 ya isa. Daga nan ka riƙa ƙara biyar duk mako har ka kai 30 ko 40. Wanda ya fara da gudu ranar farko, gwiwa ce ke zaunar da shi a ta huɗu.

Na kusa da filin wasa na Rumde Ajiya, inda aka buga wasu wasannin Kofin Afirka a farkon 2022, ya zagaye shi ta waje. Na unguwar Yelwa, Jambutu ko Pumpumre ya zaɓi layi ya auna shi sau ɗaya da taswirar waya, daga nan ya san abin da yake yi ba sai ya riƙa duba allo ba. Wajen gadar Binuwai akwai iska mai daɗi da sassafe, amma ka tsaya a sama. Kogin yana da dorina, kuma wanka a ruwan da bai gudu sosai shi ke kawo tsargiya. Tun da motocinmu hannun dama suke bi, kai ka bi gefen hagu kana fuskantar abin da ke tahowa, ka maƙala 'yar fitila a riga in da sauran duhu. Wannan kam ba sai an koya maka haɗa ta ba.

Akwai tafiyar da ba ta cin lokacin kowa. In za ka kasuwa neman kayan gyara da safe, je da ƙafa ka dawo a acaɓa. Bayan tuwon dare, taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa. Tafiyar minti goma bayan cin abinci tana rage yadda suga ke tashi a jini.

Zafi kuma ba a yi masa jarunta. Sha ruwa kafin ka fita, kada ka jira ƙishi. Fitsari shi ne ma'auninka: in ya yi duhu, ruwan jikinka ya yi ƙasa. Ranar da ka yi gumi sosai, kamar in ka wuni kan rufi kana jan waya, haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ɗaurewar tsoka, alamar ka nemi inuwa ce nan take. In mutum ya fara sambatu ko ya faɗi, jiki zafi rau, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin safe ya fi daɗin tafiya, sai dai ƙura. Iskar tana kwaso ta ne daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. Ranar da hazo ya rufe har ba ka hango ƙarshen layi, yi motsinka a ɗaki, ko ka sa takunkumi, mai asma kuwa ya haƙura da fita. Abu ɗaya da ya kamata mai gyara ya riƙe: mun saba da ciwon wuya har ba ma kula shi. Amma sanƙarewar wuya da ta zo da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman a rani, ba ta tebur ba ce. Sanƙarau ake zargi, kuma ba a kwana da shi a gida.

Na biyar, ƙarfin tsoka da kayan da ke tsakar gida

Ba ka buƙatar sayen ƙarfe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka galan mai lita 5 kilo 5 ne, jarka mai lita 20 kilo 20, kuma kai ke rage ruwan ko ka ƙara gwargwadon ƙarfinka. Kwana biyu a mako, da kwana biyu ko uku a tsakani, minti 20 ya wadatar.

Fara da zauna-tashi: tsaya gaban kujera, ka tura ƙugu baya ka sauka har ka ɗan taɓa ta, ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10 zuwa 12. Sai turi: dafa bango ka sauke ƙirji ka tura, in ya yi sauƙi ka koma bakin tebur mai ƙarfi, daga baya ƙasa. Na uku shi ne wanda mai sunkuyo ya fi buƙata. Dafa benci da hannu ɗaya, baya a miƙe, ka jawo galan da ɗaya hannun zuwa gefen cikinka kana jin allon kafaɗa yana matsowa tsakiya, ka sauke a hankali. Tsokokin da wannan ke tayarwa su ne zama ya kashe, su ne kuma ke mayar da kafaɗa mazauninta. Na huɗu, kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe kaɗan ka sauke. Na ƙarshe, ɗauki jarka biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya a kowane hannu, ka ratsa tsakar gida ka dawo, ƙirji a buɗe. In ka daidaita shi da lokacin cika randa, uwargida ba za ta tambaye ka dalili ba. Zagaye ɗaya a makon farko, biyu daga baya, uku in jiki ya karɓa. Kada ka riƙe numfashi wajen ɗagawa, fitar da shi lokacin da kake yin ƙarfin, musamman in kana da hawan jini.

A 'yan mintocin tashi daga tebur kuma, jawo haɓa baya kamar mai son yin haɓa biyu, ka riƙe daƙiƙa biyar. Dafa gefen ƙofa da hannaye biyu ka ɗan tura ƙirji gaba. Buɗe yatsu ka dunƙule, ka juya wuyan hannu.

Inda aka fi jin rauni ba wajen atisaye ba ne, wajen ɗaga batir ne. Na sola mai amfiya-awa 200 yakan kai kilo 60. Wannan kayan mutum biyu ne, ko ƙanenka ya ce maka, "Yaya, bari kawai, ni kaɗai na isa." Ce masa ya kama can ka kama nan. Matso da shi jikinka, lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, ka tashi da ƙarfin cinya, kuma in za ka juya ka juya da ƙafa, kada ka murɗa ƙugu. Hawa rufi kuma da sassafe, kafin kwano ya ɗau zafi, da wani a ƙasa yana riƙe tsani. A lokacin gilashin farantin ma yana da sanyi, shi ne daidai wanke shi.

Na san abin da ke ran wasu tun ɗazu: keke mai ba da wuta. Ana yi. Ka ɗaga tayar baya a kan mariƙi, ka jingina mata motar lantarki mai maganaɗisu, ka bi da diyod don kada batir ya dawo ya juya motar, sannan na'urar daidaita caji. Amma ka yi lissafi kafin ka sayi ko ƙusa. Mutumin da ba ɗan tsere ba yakan iya riƙe wat 75 zuwa 100, wato rabin sa'a ta ba shi abin da bai wuce wat-awa 50 ba, kafin a cire asara. Batirin waya mai 5,000 mAh yana ɗaukar kusan wat-awa 19. Gumin rabin sa'a, cajin waya biyu ke nan. Farantin sola mai wat 100 zai ba ka fiye da haka kafin rana ta take tsaka. In ganin allurar mita tana motsi shi zai sa ka taka feda kullum, haɗa abinka, riba ce. In wuta kake nema, sayi faranti.

Na shida, shayi, tuwo da barci

Abokin zaman mai gyara shayi ne, kuma nan sukari ke shiga ba a lissafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Kofi uku masu cokali uku-uku sun ci tara, ba a zo kan folere (zoɓo), kunu da lemon kwalba ba. Kada ka yanke lokaci ɗaya, ba za ka jure ba. Rage rabin cokali, ka bar harshe ya saba na mako biyu, ka sake ragewa.

Gishiri ƙasa da giram 5 ake so a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Wannan magana ce da za a yi da mai girki cikin lalama, daddawa da kayan ƙamshi suna rufe gurbin. Tuwon dawa ko na masara ba laifinsa, girman malmala ne matsalar ga wanda ya wuni a kujera. Rage tuwo, ƙara miya, kuka, kuɓewa, yakuwa, zogale, ga wake ga kifin Binuwai da na tafkin Lagdo. Tsire da soye-soye su zama na marmari.

Barci kuwa wuta ce ke cinye mana shi. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, mai megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma in ruwan tafkin ya ja baya a ƙarshen rani wutar takan yi ƙaranci. Sai a kawo ta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kai kuma ka diro daga gado don ƙarasa liƙin da ka bari. Babban mutum yana buƙatar aƙalla sa'a bakwai, kuma mai tashi Asuba ba shi da rarar da zai bayar. Tsara aikin gida biyu: abin da ke buƙatar wutar layi, da abin da batir ko hasken rana ya isar masa, kamar buɗe kaya, gano matsala da goge-goge. In ka samu ƙarfen liƙi mai aiki da bolt 12, rabin wannan damuwar ta ƙare. Da dare ka jona abin da ke buƙatar caji ka koma cikin gidan sauro. Goro da shayi mai kauri kuma su tsaya daga La'asar.

Bayan mako shida, da watan azumi

Sake awon nan huɗu, a lokaci ɗaya da na farko, ka rubuta kusa da tsofaffin lambobin. Sikeli zai iya ƙin motsi, kada ya dame ka. Duba tef, da bugun safe, da yadda kake ji in ka hau tsani. In babu abin da ya sauya, sauya abu ɗaya tak, ko tsawon tafiya ko sukarin shayi, ka ba shi wata guda. Ciwon ƙirji, numfashin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi, bugun zuciya mai tsalle-tsalle, ko ciwon baya mai sauka ƙafa da dindiris, duk dalilan tsayawa ne a ga likita, ba na ƙara ƙoƙari ba.

Da damina, ranar da ruwa ya hana fita, atisayen jarka da zagayen tsakar gida ko baranda sun maye gurbi. Da azumi kuma a sauya jadawalin gaba ɗaya, musamman in ya faɗo cikin bazara. Tafiyar bayan Asuba ta gajarta ta kuma yi sanyi, tun da ba ruwan da za a mayar sai Magariba. Tafiya mai ƙarfi a kai ta bayan buɗa-baki da kamar sa'a ɗaya, ko bayan Asham. Atisayen nauyi ya koma dare, zagaye ɗaya ya isa a riƙe abin da aka samu. Hawa rufi da ɗaga batir a bar su sai da sassafe ko bayan an sha ruwa. Ruwan sha a rarraba shi tsakanin Magariba da sahur maimakon a ɗura shi lokaci ɗaya. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya je wurin likitansa tun cikin Sha'aban, a daidaita masa lokutan shan maganin kafin a ga wata.